Kwana uku a tsibirin La Digue: jirgin ruwa, masauki da keke a kan sikeli

La Digue, wanda ake furtawa La Dig, ɗaya ne daga cikin tsibirai 115 na ƙasar Seychelles a Tekun Indiya. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 10 ba, mazaunansa kuma wajen mutum 3,000 ne. Sunansa na wani jirgin ruwan Faransawa ne da ya biyo ta wajen a 1768. Kamfanonin yawon buɗe ido suna tallarsa a matsayin wurin da mutum zai je ya huta daga Juma'a zuwa Litinin, ya dawo kamar sabo. Tallar ba ƙarya ba ce, amma da sauran bayani. Hutun ya dogara ne a kan abubuwa uku da mutum zai biya kuɗinsu: jirgin da zai tsallaka da shi, ɗakin da zai kwana, da keken da zai hau. Idan ɗaya ya samu tangarɗa, kwana ukun sai su koma yini ɗaya da rabi.

Hanya ita ce ke cin lokaci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Babu filin saukar jirgin sama a La Digue, in ban da wurin saukar helikwafta. Duk mai zuwa daga waje a Mahé yake sauka, babban tsibirin da birnin Victoria yake, ko ta Adis Ababa ya biyo, ko Nairobi, ko Doha, ko Dubai. Daga filin jirgi zuwa tashar jiragen ruwa ta Victoria tafiyar kamar minti 20 ce a mota. Daga nan jirgin ruwan Cat Cocos yake ɗaukar fasinja zuwa tsibirin Praslin cikin kimanin awa ɗaya, sannan a ƙarasa La Digue cikin minti 15. Wani sawun jirgi ɗaya ne yake tsayawa a Praslin ya wuce, wani sawun kuma sai an sauka an canza zuwa ƙarami. A duba wannan a jikin tikiti tun kafin a biya, musamman mai akwati fiye da ɗaya.

A kan takarda awa biyu ke nan. A zahiri kuwa rabin yini ne, domin sawun jirgin daga Mahé kaɗan ne a rana, kuma na ƙarshe da yamma yake tashi. Wanda jirginsa na sama ya sauka da sassafe ya ci riba: kafin azahar ya ajiye kaya a masauki. Wanda ya sauka bayan la'asar kuwa, sai ya kwana a Mahé, ga kuɗin ɗakin La Digue na wannan daren ya tafi a banza. Don haka tsarin da ya dace shi ne a fara duba jadawalin jirgin ruwa, sannan a zaɓi jirgin sama da ya yi daidai da shi. Akasarin mutane baibai suke yi. A bar tazarar awa uku tsakanin saukar jirgin sama da tashin na ruwa, saboda layin jami'an shige da fice da jiran kaya. Ranar dawowa ma haka: kada a dogara da sawun ƙarshe idan jirgin sama na daren nan ne.

Shi jirgin ruwan kansa yana da tsabta, akwai kujeru a ciki masu sanyin na'ura da na sama inda iska take kaɗawa, kuma ana karɓar manyan akwatuna a ajiye su daban. Kuɗinsa ga baƙo ba kaɗan ba ne, ya fi abin da 'yan ƙasa suke biya nesa ba kusa ba. Inda gizo yake saƙar shi ne tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da iskar kudu maso gabas take kaɗawa. A wannan tsakanin mashigin da ke raba Mahé da Praslin yana tashi sosai, jirgin ya riƙa dukan igiyar ruwa yana sama yana ƙasa, ma'aikata suna zagayawa da jakunkunan amai. Wanda ya san yana fama da tashin zuciya ya sha maganinsa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a tashi, don idan cikin ya riga ya juya maganin ba ya yin komai. Ya zauna a ƙasa, wajen tsakiya ko baya, inda girgiza ta fi sauƙi, ya ajiye waya, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Kujerun gaba su ne suka fi wahalar da mutum. Akwai wata mafita: ƙaramin jirgin sama na Air Seychelles daga Mahé zuwa Praslin, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20, sai tasi zuwa tashar Baie Sainte Anne, sai ɗan tsallaken minti 15. Ya fi tsada, kuma an fi tsananta awon kaya, amma ga mai tafiya da ƙananan yara a watan Yuli ko Agusta, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Kafin duk wannan akwai takardu. Ƙasar ba ta ba da biza irin wadda aka saba, amma dole ne a nemi izinin shiga ta intanet kafin a taso, tare da shaidar masaukin da aka kama da tikitin komawa. Mai fitowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara ya riƙe katin rigakafinsa. Kada a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai izinin ya fito.

Jirgi yana tsayawa a La Passe, ƙauyen da shi ne zuciyar tsibirin: bankuna da injin cire kuɗi, kantuna, ofishin 'yan sanda, wuraren cin abinci, duk a jere a bakin hanya ɗaya. Masaukai iri uku ne a taƙaice. Akwai 'yan otal masu tsada da ba su taka kara sun karya ba a yawa, akwai gidajen baƙi na iyali masu ɗaki biyar zuwa goma da ke haɗawa da karin kumallo, sai kuma ɗakuna masu kicin inda baƙo zai dafa da kansa. Ga kwana uku, gidan baƙi mai karin kumallo ya fi. Ɗaki mai kicin yana da amfani ga mai yin mako guda, amma wanda zai yi dare uku kawai zai ƙare ne da sayen mai da gishiri da shinkafar da ba zai cinye ba, alhali kusan komai na kanti a jirgi ake kawo shi, farashinsa kuma ya nuna hakan.

Abin da ya fi adon ɗaki muhimmanci shi ne inda ɗakin yake. Hotunan talla ba sa nuna tudu. Gidajen da suke can ciki wajen hanyar Belle Vue suna da kyan kallo, amma duk fita sai an tura keke da hannu wajen dawowa, cikin zafin da yake kaiwa digiri 30 zuwa 32 ga kuma gumi. Waɗanda suke tsakanin La Passe da Anse Réunion suna kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, minti biyar zuwa goma ka isa tasha ko kanti. Na kusa da fadamar tsakiyar tsibirin kuwa sun fi sauro. Babu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar, amma akan sami zazzaɓin dengi, saboda haka raga a taga da man korar sauro ba ado ba ne. Tambayoyi huɗu suka kamata a yi wa mai gida a rubuce kafin a biya: akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ce kawai, akwai ruwan zafi, za a zo a ɗauki kaya daga tasha, kuma harajin muhalli yana cikin farashin ko daban ne. Wannan harajin an fara karɓarsa a watan Agustan 2023, kuma girman masauki ne yake yanke yadda ake biyansa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila.

Masu gidajen baƙi suna da kirki, amma ba sa rawar jiki a kan baƙo. Za a gaishe ka, a nuna maka ɗaki, a bar ka. Wanda ya saba da otal inda ake buga waya da tsakar dare a kawo shayi zai ga kamar an yi watsi da shi. Wanda ya zo don a ƙyale shi kuwa, abin nema ya samu.

Sai keke, wanda shi ne motar kowa a nan. Motoci kaɗan ne: 'yan tasi, ƙananan motocin lantarki na otal, da akori-kura masu benci a baya. Amalanken shanu da tsibirin ya yi suna da su a da, yanzu sai jefi-jefi. Tun daga bakin tasha masu hayar keke za su tare ka, kuma akasarin masaukai suna da nasu ko suna da wanda suke kira. A karɓa na kwana uku gaba ɗaya, ya fi sauƙi a kan na kullum. Amma kada a karɓi wanda aka fara miƙowa. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, kekunan kuma suna shan wuya a hannun baƙi. A matsa birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, a tura keken a ga ko tayar ta tsaya cak. A hau a zagaya, a canza giya daga ta farko har ta ƙarshe, a saurara ko sarƙa tana tsalle. A latsa taya da babban yatsa. A ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, in ba haka ba gwiwa za ta gaya maka washegari. A tabbata akwai kwando da makulli, a ɗauki hoton keken da lambarsa, domin a bakin teku za ka tarar da hamsin iri ɗaya a jingine, kuma ɗaukar na wani bisa kuskure ba baƙon abu ba ne. A karɓi lambar wayar mai hayar saboda faci.

Abin da kekunan suka fi rasa shi ne fitila. Tsibirin yana ƙasa kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida zuwa shida da rabi duk shekara, duhu kuma yana rufewa nan da nan. Da ka fita daga La Passe fitilun titi sai ɗaiɗai. Tocilan da ake ɗaurawa a goshi tana magance wannan. A tuna kuma hannun hagu ake bi.

Yanzu ga dalilin zuwan. Anse Source d'Argent ita ce gaɓar da hotonta ya zagaye duniya: farin rairayi, ruwa garau, da manyan duwatsu masu launin toka da ja-ja waɗanda ruwan sama da iska suka sassaƙe su har suka yi gurbi-gurbi kamar an ja yatsu a jikin ɗanyen yumɓu. Duwatsun nan sun kai shekara miliyan 750. Ta cikin gandun L'Union Estate ake shiga, ana biyan kuɗi a ƙofa, a wuce gonar banila da tsohuwar matsar man kwakwa da shingen manyan kunkuru, a ajiye keke, a ƙarasa da ƙafa. Gani ya kori ji, wurin ya kai yadda ake faɗa. Sai dai gaɓa ce ta kallo fiye da ta iyo. Shingen murjani ya tare ta daga can nesa, saboda haka ruwan ba shi da zurfi. Idan teku ta janye, sai ka yi ta tafiya ruwa bai wuce gwiwa ba, ƙarƙashin ƙafa kuma gutsattsarin murjani da ciyawar teku. Idan ta cika maƙil, rairayin yakan tsuke har wasu lungunan su nutse. Lokacin da ya fi shi ne tsakani, musamman sa'ad da ruwa yake kan hauhawa. Jadawalin cika da janyewar teku yana nan a intanet, masu masauki ma sun san shi, kuma yana matsawa da kamar minti 50 kowace rana, don haka abin da ya yi daidai ranar Asabar ba zai zama daidai ba ranar Litinin. Takalmin roba mai rufe yatsu yana hana yankan murjani, wanda ƙarami ne a ido amma yana daɗewa bai warke ba.

Daga wajen ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, masu zuwan yini ɗaya daga Praslin da Mahé suna cika wurin, hanyar da take ratsa duwatsun kuma siririya ce, har layi ake yi don ɗaukar hoto. Wannan shi ne babban abin da mai kwana a tsibirin ya fi su da shi. Ya shiga da an buɗe ƙofa da safe, ko ya bari sai bayan la'asar lokacin da suka nufi tasha, hasken yamma kuma ya sauka a jikin duwatsun tunda gaɓar yamma take kallo.

Ɗaya gefen tsibirin wata duniya ce daban. Daga La Passe zuwa Grand Anse kamar kilomita 4 ne, da tudu ɗaya a tsakiya wanda yawancin mutane suke sauka su tura. Gangarar da take biye ita ce dalilin gwada birki tun farko, kuma bayan ruwan sama simintin yana santsi. Grand Anse ba ta da shingen murjani. Ruwanta shuɗi ne mai zurfi, igiyarta tana zuwa kai tsaye daga tsakiyar teku, kuma akwai allunan gargaɗi a kan jan ruwa. A ɗauke su da gaske, musamman daga Mayu zuwa Oktoba. Jan ruwan yana faruwa ne idan ruwan da igiya ta turo gaɓa ya taru ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfi. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa, launinsa ya fi duhu, babu kumfa, shi ya sa yake yaudarar mutane. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi ya nufi gaɓa, gajiya ce take kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga layin, sannan ya juyo. Wanda bai iya ruwa sosai ba, iyakarsa idon sawu.

Daga Grand Anse akwai hanyar ƙafa da take haurawa kan duwatsu zuwa Petite Anse, kamar minti 15, sannan ta ci gaba zuwa Anse Cocos, ƙarin minti 20 zuwa 30. A ƙarshen Anse Cocos duwatsu sun kewaye wani ɗan tafki inda igiya ba ta shiga da ƙarfi, nan ne wurin wanka mafi aminci a wannan gefen. Silifas ba ya yin wannan hanya. A riƙe ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, a juyo kafin ƙarfe huɗu. Anse Marron da ke can ƙarshen kudu kuwa sai da ɗan jagora, don hanyar tana bi ta cikin ruwa da ramukan duwatsu, kuma cikar teku tana rufe ta. Yini guda take ci, ta bar mutum a gajiye. Ga mai kwana uku da ya zo hutawa, a bar ta sai wani zuwan.

Wurin da ya fi dacewa da zaman banza shi ne arewa. Anse Sévère minti goma ce daga tasha a keke, ba a biyan ko sisi, akwai inuwar itatuwan takamaka, akwai rumfunan masu matse 'ya'yan itace, kuma daga nan ake ganin rana tana faɗawa bayan Praslin. Kunkurun Aldabra, waɗanda babbansu yake haura kilo 200 kuma suke wuce shekara 100, sukan fito har bakin hanya a wannan yankin. Za ka ga ɗaya ya miƙo wuya, fatarsa kamar tsohon buhu, yana jiran a sosa masa. A sosa, amma kada a hau bayansa, kada kuma a kai yatsa kusa da bakinsa. Hanyar tana ci gaba ta Anse Patates ta zagaya gabas har ta ƙare a wajen Anse Fourmis. Ba ta zagaye tsibirin ba, dole a dawo ta inda aka bi. Abu biyu a kiyaye a kowace gaɓa: kada a shimfiɗa tawul a gindin kwakwa mai 'ya'ya, kuma ƙananan ƙwarin rairayi suna cizo ba a ji, sai dare ƙaiƙayi ya taso. Sun fi yawa inda ciyawar teku ta taru ta bushe.

Mai son tsuntsaye ya ba gandun Veuve, wanda ya ci sunan wani tsuntsu, awa ɗaya da safe. Sunan na nufin matar da mijinta ya rasu, saboda baƙin launin namijin tsuntsun mai dogon bindi. Macen bayanta ja ne, cikinta fari. Har zuwa 2008, lokacin da aka kwashi wasu aka kai tsibirin Denis, kusan a La Digue kaɗai suka rage a duniya. Hawan Nid d'Aigle, ƙololuwar tsibirin mai tsayin mita 333, yana da kyan kallo amma gumi ne zalla.

Abinci yana da farashi biyu. Gidajen cin abinci na zama suna da tsada ƙwarai, kuma jira yana da tsawo. Rumfunan da ake zuba abinci a kwali a tafi da shi su ne inda mutanen gari suke saye: shinkafa da gasasshen kifi, miyar kori da madarar kwakwa, wake, kwaɗon ɗanyen gwanda. Kuɗin bai kai rabin na gidan zama ba, ɗanɗanon kuma sau da yawa ya fi. Suna dafawa sau ɗaya ne, idan ya ƙare ya ƙare, don haka a je da wuri. Wanda ba ya cin naman alade ya tambaya, musamman a kan miyar da aka sa tsiran nama a ciki. Akwai kuma miyar jemage a wasu wuraren. Kifi shi ne mafi sauƙin zaɓi. A riƙe tsabar rupi, kuɗin ƙasar, don rumfuna da masu keke ba duka suke karɓar kati ba. Ranar Lahadi kantuna da yawa suna rufewa da wuri, wasu ma ba sa buɗewa, saboda haka sayayyar ruwa da burodi ranar Asabar ake yin ta.

Game da lokacin zuwa, Afrilu da Oktoba zuwa Nuwamba su ne tsakanin iskoki biyu: teku a kwance, ruwa garau, tsallakawa babu wahala, sai dai zafi da gumi sun fi, musamman a Afrilu. Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya fi yawa, kuma a hutun kwana uku yini ɗaya na ruwa asara ce babba. Ranar 15 ga Agusta tsibirin yana bikinsa na shekara na cocin Katolika, jama'a suna kwararowa daga Mahé da Praslin, ɗakuna suna ƙarewa, kiɗa yana kaiwa dare. Mai neman shiru ya kauce wa wannan makon.

La Digue ya dace da ma'aurata, da wanda yake iya taka keke na rabin awa, da wanda littafi da inuwa suka ishe shi. Bai dace da mai neman kasuwa ko hayaniyar dare ba, don ƙarfe tara gari ya yi tsit. Mai ciwon da yake iya tashi ba shiri ya yi tunani, asibitin tsibirin ƙarami ne, babban lamari sai an kai mutum Mahé, inshorar tafiya kuma ta zama dole. Dare biyu ba su isa ba, hanya za ta cinye su. Dare uku ne mafi ƙaranci: yammacin isowa a Anse Sévère, yini ɗaya a Source d'Argent bisa jadawalin teku, yini ɗaya a gefen Grand Anse, sannan jirgin safe ranar komawa, a mayar da keke tun daren jiya don kada a tsaya neman mai shi jirgi yana busa.